Falmaran mai ɗaukar ruwa: wacce ta dace da mai gudun nesa a Sakkwato?

Tambaya: "Malam, shekarata biyu ina gudu a cikin gari. Yanzu na fara fita hanyoyin ƙasa ta wajen Kwalkwalawa da Dundaye, nakan yi awa biyu zuwa uku ranar Asabar, kuma ina son in ƙara. Riƙon goran ruwa a hannu ya ishe ni. Na ga masu gudun daji na ƙasashen waje da wata 'yar riga kamar falmaran, mai aljihun ruwa a ƙirji da baya. A intanet akwai mai lita 5, akwai mai lita 12, na rasa wadda zan ɗauka. Wacce ce ta dace da zafinmu?"

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ƙara lafiya. Na ji daɗi da ka yi tambayar nan kafin ka kashe kuɗinka, domin yawanci sai an saya, an sa, wuya ya saluɓe, sannan a zo neman shawara. Na daɗe ina bin hanyoyin da ka ambata, ina kuma horar da matasa, rigunan nan sun bi ta hannuna da dama.

Bari in fara cire maka wani ruɗani. Lambar da ka gani, lita 5 ko lita 12, ba yawan ruwan da rigar ke ɗauka ba ne. Girman aljihunanta ne gaba ɗaya, wato yawan kayan da za a iya cusa mata. Ka ɗauki ADV Skin ta kamfanin Salomon: mai lita 5 da mai lita 12 duk da goruna biyu masu rabin lita suke zuwa, ruwa lita ɗaya ke nan. Bambancinsu yana a babban aljihun baya. Na ga yaron da ya yi wata da watanni yana tari ya sayo babbar, a zatonsa ruwa lita goma sha biyu zai goya. Ko da za ta ɗauka, ai kilo goma sha biyu ne a gadon bayansa, tunda kowace litar ruwa nauyinta kilo ɗaya ne cif.

Abin da ya sa ake ɗinka manyan shi ne ƙasar da aka yi su dominta. Gasar da ta fi suna a wannan fage ita ce UTMB, wadda aka fara a 2003. Daga garin Chamonix na Faransa ake tashi, a zagaye tsaunin Mont Blanc ta Italiya da Suwizalan a dawo, tafiyar kilomita 170 da 'yan kai. Dole mai gudu a can ya ɗauki rigar ruwan sama, da ta sanyi, da safar hannu, da tocila biyu, saboda dare na riskarsa a kan tsauni. Waɗannan kaya ne ke cika aljihun. Ruwan da aka wajabta masa kuwa aƙalla lita ɗaya ne, in an yi hasashen zafi a mai da shi biyu. Kai da za ka fita a watan Afrilu a Sakkwato, lokacin da zafi kan wuce digiri 40, kayanka kusan duka ruwa ne. Saboda haka da zufarka da hanyarka za ka zaɓi riga, ba da hoton da ka gani a jikin wani a tsaunin Turai ba.

Kafin ka sake buɗe shafin masu sayarwa, nemi sikeli. Na gida ya fi, don ana son ka hau ba kaya a jikinka. Ka yi fitsari, ka auna kanka, ka fita ka yi gudun awa ɗaya a saurin da ka saba da lokacin da ka saba, ka riƙe yawan ruwan da ka sha. Da ka dawo ka tuɓe, ka goge jiki da tawul, ka sake hawa. Duk kilo ɗaya da ya ragu, zufa ce kusan lita ɗaya, sai ka haɗa da abin da ka sha a hanya. A ce ka tashi da kilo 68, ka dawo da 67.2, ka kuma sha ledar fiya wata ɗaya: giram 800 da rabin lita, lita 1.3 ke nan kake zubarwa duk awa. Wannan lamba ita ce uwar lissafin. A zafi mutane kan zubar da lita ɗaya zuwa biyu a awa, wasu ma fiye, kuma abokai biyu da ke gudu tare sai ka tarar ɗaya ya kusa ninka ɗaya. Ka yi awon nan a bazara, ka sake yi a hunturu.

Na hunturun kada ka raina shi. A Disamba da Janairu iska a bushe take ƙayau, zufa na fitowa tana bushewa, riga ba ta jiƙa, mutum ya ɗauka bai zubar da komai ba. Sai ya koma gida ya ga farin zanen gishiri a hularsa, leɓe ya tsage, kai na sara. Yawancin matasan da na taɓa ɗaukowa a babur sun galabaita, a sanyin safiyar hunturu ne, domin a Afrilu kowa na tsoron rana, kowa da shirinsa.

Lissafi na biyu na hanya ne, wato tazarar da ke tsakanin inda ka cika ruwa da inda za ka sake samu. Da awa za ka auna ta, don kilomita biyar a yashin jigawa sun fi takwas a burji cin lokaci da ƙarfi. Mu a nan muna da wani gata da masu hawan tsauni ba su da shi: da wuya ka ratsa ƙauye ba ka sami mai tebur da fiya wata ba. Idan hanyarka na shiga gari duk bayan minti arba'in ko awa ɗaya, lita ɗaya a ƙirji ta ishe ka, ka riƙa cikawa. Idan kuwa burtali za ka bi, ko bakin fadama, har awa biyu ba shago, koma ga lissafinmu: lita 1.3 sau biyu, lita 2.6. Ba wai sai ka mayar da duka ba. Jiki na jure ragin da bai wuce kashi biyu cikin ɗari na nauyinsa ba, kimanin kilo 1.4 ga mai kilo 68, kuma ciki ba ya iya karɓar duk abin da fata ke zubarwa. Yawancin masu gudu mililita 400 zuwa 800 suke iya sha a awa ba tare da ciki ya kumbura ba. Ka ga ke nan kana buƙatar lita ɗaya da rabi zuwa biyu, har da ɗan ragowa saboda ɓatan kai ko targaɗe. Goruna biyu ba za su kai ka ba, dole rigar ta kasance da wurin ƙarin ruwa a baya.

Hanya biyu ce ake ɗaukar ruwan. Akwai goruna masu laushi da ake zurawa a aljihun ƙirji dama da hagu, ka sunkuyar da kai ka ciji bakin ka tsotsa, suna motsewa ruwan na raguwa. Akwai kuma jakar ruwa ta baya mai tiyo da ke zagayowa ta kafaɗa, mai cin lita ɗaya da rabi ko biyu. Ni salka nake kiranta, domin salka ce, irin wadda Buzaye da masu raƙuma ke ratayawa tun kaka da kakanni, fata kawai aka musanya da roba. Ta zamanin ma zafi ne ya haife ta. A ƙarshen shekarun 1980 wani ma'aikacin agajin gaggawa, Michael Eidson, ya shiga tseren keke na mil ɗari a jihar Teksas ta Amurka cikin tsananin rana, ya cika ledar ƙarin ruwa ta asibiti, ya zura ta a safa, ya goya yana tsotsa ta tiyonta. Daga nan kamfanin CamelBak ya samo asali, sunan ma daga bayan raƙumi aka aro shi.

Ni dai a wurina, ga mai gudu a Sakkwato, gorunan gaba su ne tushe, salka ƙari ce. Ledar fiya wata galibi rabin lita ce, goran ma rabin lita ne. Ka tsaya gaban mai tebur, ka ciji kusurwar leda, ka matse ta cikin gora, ka murɗa murfi, ba ka cire riga ba, ba ka yi minti ɗaya ba. Salka kuwa sai ka tuɓe, ka zaro ta, ka matsa leda uku ko huɗu, ka mayar, ka sake ɗauri. Sannan gora a gaban idonka yake, ka san abin da ya rage, salka kuwa ba ka ganinta. Wata rana ina dawowa daga wajen Wamakko na tsotsi tiyo na ji iska kawai, ga rana ta take, ga saura tafiyar kusan awa ɗaya. Wata dattijuwa da ke ɗiban ruwa a rijiyar burtsatse ce ta cece ni, ta miƙo mini kwano ba tare da ta tambaye ni ko daga ina nake ba, Allah ya saka mata da alheri. Tun ranar na sauya tsari: salka nake fara sha har ta ƙare, in bar goruna na ƙarshe, don in san abin da ke hannuna a lokacin da gajiya ta fi tsanani.

Goruna biyu kuma na ba ka damar raba abin sha, ɗaya ruwa zalla da za ka iya zubawa har a ka da wuya, ɗaya mai gishiri da sukari. Abin dubawa a goran shi ne bakinsa. Nemi mai faɗin baki, wanda ake rubuta wa milimita 42, don leda ta zuba ba ɓari, gutsuren ƙanƙara ya shiga, ka kuma iya wanke cikinsa.

Salka na da wata illa a ƙasarmu: tana toshe baya, inda zufa ta fi taruwa, kuma zafin jiki na ɗumama ruwan. Wanda ya kwanta a tiyo kuwa rana ce ke dafa shi. Maganinsa, duk ka gama sha ka hura ragowar ya koma ciki. In kana da firiza mai aiki, zuba ruwa rabi ka kwantar da ita ta daskare da dare, da asuba ka ƙarasa cikawa, za ta sanyaya maka baya na ɗan lokaci mai kyau. In kuma ka ji tana tambal-tambal, iska ce ta rage a ciki: kife ta, gindin tiyo ya koma sama, ka tsotse iskar har ruwa ya zo bakinka.

Idan tazarar ba ta yi yawa ba, akwai dabarar da na fi so ma a kan salka. Zura ledar fiya wata biyu ko uku a tsohuwar safa, ka jiƙa safar, ka jefa a aljihun raga na baya. Busasshiyar iskarmu za ta riƙa sanyaya su kamar yadda randa ke yi. In gora ya ƙare ka zaro ka juye. Ledar dai ka maido ta gida, awaki da shanu na haɗiye ta tana kashe su.

Sai zaman rigar a jiki, kuma a nan ne kuɗin mutane ya fi salwanta. Wannan riga sawa ake yi, ba goyo ba ce irin jakar makaranta, saboda haka da awon ƙirji ake sayenta. Je wurin tela ya zagaya maka tef inda ƙirjinka ya fi faɗi da kuma ƙasan haƙarƙari, ka rubuta da santimita, ka gwada da jadawalin kamfanin, don matsakaiciyar wannan ƙaramar wancan ce. Kada ka bi lambar kaftaninka. Mun saba da sakakkun kaya, sai hannu ya kai ga babba, alhali wannan so ake ta kama jiki kamar singileti, ba ta hana numfashi ba, ba ta kuma rawa. In awonka ya faɗa tsakanin lamba biyu kuma rigar na gabanka, ɗauki ƙaramar muddin numfashi na fita sarai, domin yadin na saki in ya jiƙe. In oda ce da ba a mayarwa, ɗauki babbar, tela zai iya ragewa amma ba zai iya ƙarawa ba.

Kada ka gwada ta fanko. Cika gorunan, sa wayarka, ɗaura igiyoyin ƙirji, ja dogon numfashi har haƙarƙari ya buɗe, sannan ka yi tsalle a wuri ɗaya, ka sunkuya kamar mai ɗaure takalmi, ka wurga hannuwa gaba da baya. Idan gorunan na dukan ƙirjinka, ko gefen yadi na taɓa wuyanka, ko damtsenka na gogar wani ɗinki, ajiye ta. Mai gudu na taka ƙasa sau 160 zuwa 180 a minti ɗaya. A awa uku, gogayya kusan dubu talatin ke nan a wuri guda, ga gishiri, ga ƙura.

Na ga wannan ƙuru-ƙuru a jikin wani ɗalibina. Rigarsa mai kyau ce, amma ta yi masa yawa, ya ja igiyoyin har ƙarshe tana rawa duk da haka. Da muka dawo ya tuɓe, sai ga layi biyu jawur daga gefen wuya zuwa kan kafaɗa, fatar ta saluɓe, gishiri ya bushe fari a bakin ciwon, ƙura ta manne a tsakiya. Da ya zuba ruwan wanka daga waje muka ji ƙararsa, kuma sati biyu bai iya rataya ko jaka ba. Daga baya wani tela ya rage masa gefe biyu da faɗin yatsa bibbiyu, ya kwantar da ɗinkin, har yau da ita yake gudu. Ko rigar ta zauna daidai, ka riƙa shafa basilin a gefen wuya, hammata, kan nono da ƙasan baya, kuma ka sa jesin ƙwallo mai ɗan wuya a ƙasa, kada auduga mai riƙe zufa. 'Yan'uwa mata kuwa akwai wadda aka yanka dominsu, gorunanta na zama ƙasa da ƙirji da dogon bututu, su kuma auna a kan kayan da za su fita da su.

Yadin ya zama siraran raga da iska ke ratsawa. Mai kaurin soso a baya ta masu keke ce. Aljihu ɗaya mai zik a gaba ya isa, don waya da makulli da kuɗi, wayar kuma a cikin leda, zufa na kashe ta. Sauran su zama buɗaɗɗu a gefe, inda hannu ke kaiwa kana gudu ka ɗauko dabino ko ƙuli-ƙuli. Yawan zik ba alheri ba ne, ƙurar hunturu da gishiri ke cinye su. Maratayar sandar hawan tsauni ba ka da aiki da ita. In ka tsaya hutawa kada ka yar da rigar a ƙasa: a kaka raga kwasar ƙarangiya take yi, kuma ƙaya ɗaya ta aduwa ko bagaruwa ta isa ta huda gora.

Maganar launi ina so ka ɗauke ta da nauyi. Baƙi na shan rana, wannan kowa ya sani. Amma akwai abin da ya fi wannan. Ka san halin tsaron da ake ciki, musamman a gabashin jihar nan. Baƙon fuska ya ɓullo daga gona a guje, da baƙar riga mai aljihuna a ƙirji da tiyo a kafaɗa, zai iya firgita mutanen ƙauye, kuma tsoro na sa a aikata abin da ba a yi niyya ba. Sayi mai haske, fara ko ruwan ɗorawa ko ruwan lemo, wadda tun daga nesa za a gane kayan wasanni ce. Mai launin kakin soja ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Ka riƙe katin shaida a aljihun zik, ka rage gudu ka yi sallama in za ka ratsa gari, ka gaida dattawan da ke bakin masallaci. Bayan Asabar biyu ko uku kowa ya san ka. Kada ka bi hanyar da ba ka sani ba kai kaɗai, ka faɗa wa na gida inda ka nufa da lokacin dawowa, ka kuma tambayi 'yan kabu-kabu labarin hanya, sun fi kowa saninta. Ɗan usur ɗin da ke zuwa a maƙale da rigar, bar shi a wurinsa.

Akwai kuma haɗarin da mai riga cike da ruwa ke fuskanta wanda mai gora ɗaya bai sani ba, wato shan da ya wuce kima. Kowace litar zufa na fita da sinadarin sodiyam, wato na cikin gishiri, kusan giram ɗaya, wasu ƙasa da haka, wasu sama. Idan mutum ya yi ta ɗura ruwa fiye da abin da yake zubarwa, gishirin jininsa na tsinkewa, kai ya yi ciwo, amai ya zo, hankali ya gushe, har akan rasa rai. A tseren gudun dogon zango na birnin Boston na Amurka a 2002 an gwada jinin masu gudu 488 bayan sun gama, aka tarar kashi 13 cikin ɗari gishirin jininsu ya yi ƙasa, kuma waɗanda nauyinsu ya ƙaru a hanya su suka fi shiga ciki. Sikelin nan dai shi ne alƙali: in ka dawo ka fi yadda ka tafi nauyi, ka sha da yawa. Ka riƙa sha in ƙishirwa ta taɓa ka, kurɓi-kurɓi. A gora ɗaya nakan zuba haɗin gishiri da sukari na kemis, irin wanda ake ba yara masu gudawa, a dama shi daidai da awon da ke jikin fakitin. In babu, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a lita ɗaya. Gishirin fa ba ya halatta maka ɗurawa, ko da shi in ka zarce za ka shiga matsalar.

Kunu, zoɓo ko fura kada su shiga salka, zafi na tsamar da su nan da nan, tiyo kuma ba ya wankuwa. Ruwan gulbi da na tafki ka bar shi. Akwai murfi mai tacewa da ke hawa goran mai faɗin baki, yana tare ƙwayoyin kwalara da taifot, amma ba ya tare bairos, kuma ruwan gulbin Rima mai laka na toshe shi da wuri. Kada kuma ka shiga kwantaccen ruwan fadama don sanyaya jiki, tsargiya ta fata take shiga.

Da ka dawo ka ɗauraye goruna da salka da ruwan ɗumi da ɗan sabulu, ka matsa ruwan ya bi ta tiyo da bakin tsotso, ka buɗe su ka kife a inuwa. Turawa a firiza suke ajiye nasu don gudun fumfuna, mu da wuta ba ta tsayawa, bushewa ce abin dogaronmu. A damina ka riƙa ɗaga tiyon a haske, in ka ga baƙin ɗigo ka canza shi. Rigar ma ka ɗauraye da hannu duk fita, ka shanya a inuwa, rana na kashe robarta.

Rigunan manyan kamfanoni irin su Salomon, Ultimate Direction, Nathan da CamelBak da dala ake lissafa su, sai an yi oda. Akwai masu sauƙin kuɗi daga Sin, kamar Aonijie, na kuma ga matasa da yawa suna gudu da su lafiya lau. Akan dace ma a wurin 'yan gwanjo. In ta gwanjo ce, ja igiyoyin ka ga suna komawa, ka duba ɗinkin aljihun gora, amma goruna da salka sababbi za ka saya. Tambayi mai sayarwa ko da gorunanta take zuwa, don wasu fanko ake sayar da su. Ka kuma tabbata goran ya dace da aljihun, wasu aljihunan dogaye ne sirara, wasu gajeru masu faɗi. In kuɗin bai kai duka ba, sa mafi yawansa a goruna masu kyau. Na banza warin roba gare su, murfinsu kuma yoyo yake, ka isa tsakiyar daji ka tarar rabin ruwan ya tsiyaye a ƙirjinka.

To kai da kake awa biyu zuwa uku kana son ƙarawa, ga abin da zan saya da ni ne: mai lita 5 zuwa 8, mai launi mai haske, da goruna biyu masu faɗin baki a gaba, da wurin salka ta lita ɗaya da rabi a baya ko da ba yanzu za ka sayi salkar ba. Mai lita 12 ka bar ta sai ranar da ka yi niyyar gasar da ke buƙatar kayan sanyi. Ka kuma sani riga ba ta maganin rana. A bazara ka fita bayan sallar asuba, ka gama kafin ƙarfe tara. Da azumi kuwa sai bayan tarawi, a hanyar da ka sani. In abokin gudunka ya fara tangaɗi ko magana ba kan gado, ko da yana zufa, a tsaya, a kai shi inuwa, a kwarara masa duk ruwan da ke rigunan a jiki ana yi masa fifita, a nemi abin hawa zuwa asibiti.

Ranar da rigar ta iso kada ka kai ta Dundaye. Cika ta taf, ka zagaya Filin Giginya na minti arba'in, ka dawo ka tuɓe gaban madubi ka duba wuya da hammata da ƙasan baya. Inda ka ga ja, nan za ka gyara igiya ko ka kai wa tela. Sannan ka turo mini lambar da sikeli ya ba ka da hanyar da kake son bi, mu lissafa inda za ka riƙa cikawa.